Dashen Watan Albashi

Kwanakin baya wani ɗalibina ɗan aji biyar ya kawo mini littafin rubutu mai shafi 80 cike da labarin da ya ƙaga, ya ce in duba masa. Na zauna bayan sallar isha'i na karanta. A shafi na 12 saurayi da budurwa suka shiga lambun gidan mahaifinta, ga furanni ja da fari da ruwan ɗorawa, ga ciyawa kore shar, ga tsuntsaye suna ta shawagi. Alhali kuwa a shafin da ya gabata marubucin ya gaya mana cewa watan Afrilu ne, ana zafin da ko ƙadangare ba ya son fita. Sai na ɗauki jan biro na rubuta masa a gefe: "Wa yake ba su ruwa?"

Yaron ya ɗauka ba'a nake yi masa. Ba ba'a ba ce. Lambu ya yi yawa a labaranmu, amma ba kasafai mai karatu kan ga bokiti ko fartanya a cikinsa ba, balle akuya. Ni kuwa da na yi shekara goma sha wani abu ina fama da 'yan itatuwa a bayan ɗaki, na san cewa duk ganye kore da mutum ya gani a ƙasar Kano cikin Afrilu, to akwai wanda bayansa ke ciwo saboda shi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwa marubuta labarin nawa lambun. Ba don ya ƙayatar ba, sai don shi na sani.

A 2013 aka tura ni koyarwa wata makarantar kwana da ke wajen gari, aka ba ni gida a kwatas ɗin malamai, ciki biyu da falo. A bayan gidan akwai fili wanda bai fi rabin filin wasan langa ba, babu komai cikinsa sai tsakuwa da fasassun kwalabe da wata tsohuwar darbejiya a kusurwa. A gindinta muke shimfiɗa tabarma da rana, domin kwanon ɗakin yakan mai da shi tamkar tanda. Kullum na dubi filin nan sai in ce a raina, wata rana.

Wata ranar ta zo a cikin Maris na 2014, lokacin da aka biya mu wani ariyas da muka daɗe da fid da rai. Na shiga birni da niyyar sayen buhun shinkafa da takalman yara. A kan hanya na bi ta wani titi inda masu sayar da dashe suka jera kayansu a inuwa, cikin baƙaƙen ledoji, an yayyafa musu ruwa suna ta ƙyalli. Na tsaya don in kalla kawai. Kafin in farga na sayi mangwaro huɗu, lemun tsami biyu, gwaiba ɗaya, da wasu furanni da ban ma tambayi sunansu ba. Na zaɓi mafi tsawo da mafi yawan ganye, don a ganina su ne suka fi kusa da haihuwa. Na tambayi mai kayan ko mangwaron na aure ne, ya nuna mini wata farar leda da aka naɗa a jikin kowanne, ya ce, "Malam, ba ka ga ɗaurin ba? Shekara uku ka sha." Na biya ba tare da dogon ciniki ba. Shinkafar da ta iso gida rabin buhu ce.

Washegari da hantsi na hau aiki. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, don haka ramin da na iya haƙawa bai wuce zurfin gwangwanin madara babba ba. Na samo ɗanyen kashin kaji daga wurin wani maƙwabci na zuba har da ƙari, wai don su yi saurin girma. Na tura dashen ciki da tsakar rana, wasu ma ban yage ledar gindinsu gaba ɗaya ba, na danna ƙasa da ƙafa, na kwarara ruwa, na koma gindin darbejiya ina kallonsu ina lissafin kwandunan da zan riƙa aika wa 'yan'uwa.

Furannin ne suka fara tafiya, ba su yi mako guda ba. Lemun tsami ɗaya ganyensa ya ƙone daga baki, ya zube. Ɗayan kuwa awakin mai gadi suka gama da shi a yammaci ɗaya, ina cikin aji ina koyar da auna fahimta. Gwaiba gara ta cinye ta daga ƙasa, na taɓa ta kawai sai ta faɗi. Kullum da asuba ni da 'yata ta fari muna layi a bakin tuƙa-tuƙa tare da ɗalibai, muna jigilar ruwa, amma kamar a rairayi muke zubawa. Kafin ƙarshen Mayu saura mangwaro biyu, su ma sun yi laushi. Maiɗakina ba ta ce komai ba sai ranar da shinkafa ta ƙare. Ta ajiye mini tuwon masara, ta ce, "Malam, ga shi nan. Ragowar shinkafar tana bayan ɗaki, awaki sun rage maka."

Akwai wani dattijo lebura a makarantar, wanda ya fi shekara 30 yana kula da itatuwanta. Kowa Baba yake ce masa, har shugaban makaranta. Ashe duk abin da nake yi yana gani, bai tanka ba. Ran nan da la'asar yana wucewa da baro sai ya tsaya, ya yi sallama, ya tsuguna gaban mangwaron nan biyu ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Malam, yaushe ka saye su?"

Na ce, "Watan uku, Baba."

Ya ce, "Me ya faru a watan uku? Ruwa aka yi?"

Na ce, "A'a, kuɗi aka biya mu."

Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙasa. Ya ce, "To ai shi ke nan. Kai da watan albashi ka yi aiki, ita kuwa ƙasa ba ta karɓar albashi. Nata watan daban."

Daga nan ya sa farce ya warware farar ledar da ke jikin na farko. A ƙarƙashinta akwai wani kumburi mai tabo kamar bakin kibiya, kuma launin ɓawon sama ya ɗan bambanta da na ƙasa. Ya ce wannan ɗan aure ne na gaskiya: an tsaga kan ƙaramin mangwaron gida, an fiƙe reshen mai kyau an cusa, an ɗaure, har suka haɗe suka zama ɗaya. Ya warware na biyu. Babu komai sai ɗan karce da aka yi da reza. Ya tono busassun biyun da suka mutu, su ma haka. Wato cikin huɗun da na saya ɗaya ne kaɗai aka yi wa aure, sauran ƙwallo aka binne ya tsiro, aka ɗaura masa rawani. Na ce zan tumɓuke na ƙaryar in yar. Baba ya ce, "Bar shi. Shi bai yi maka ƙarya ba, mai shi ne ya yi."

A wannan yammacin na koyi sayen dashe, kuma ga abin da na riƙe har yau. Kada ka zaɓi dogo. Wanda bai wuce gwiwa ko cinya ba ya fi saurin kamawa, domin dogon ya daɗe cikin leda, saiwarsa ta nannaɗe kanta kamar gammo. Ɗaga ledar ka duba gindinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, to an riga an ji masa ciwo. Juya ganyen ka duba bayansa ko akwai ƙwari ko farin abu kamar auduga. Nemi tabon aure da idonka da yatsanka, kada ka yarda da ɗauri. Sannan ka tambayi sunan irin, ko Fita ne, ko Juli, ko Binta Siga. Wanda ya yi auren da hannunsa ba zai yi inda-inda ba, har uwar da ya yanko reshen zai gaya maka inda take. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma irin na uwarsa zai haifa. Na ƙwallo kuwa sai ya kai shekara 6 ko fiye, kuma sai ya haihu za ka san abin da ka reno.

Amma babban darasin ba na saye ba ne, na lokaci ne. Baba bai taɓa zaunar da ni ya karanta mini shi ba. Sai dai duk bayan 'yan makonni ya biyo da baronsa ya ce, "Malam, yanzu lokacin kaza ne." A haka, cikin shekara biyu, na haddace wata kalanda wadda ba a rataye ta a bango.

Shekarar mai lambu da bazara take farawa, ba da damina ba. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma babu abin da za a dasa ya rayu sai da wahala, lokacin ne na haƙa rami. Ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi. Ƙasar sama a tara ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A gauraya ta saman da ruɓaɓɓen taki, wanda ya kwana biyu har ya daina wari ya koma baƙi, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kamar yadda ya yi wa lemuna. A barbaɗa toka saboda gara, a mai da ƙasar cikin ramin, a bar ruwan farko ya kwantar da ita. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar taku goma sha biyu ko fiye, ko da yake a ranar mutum zai ga kamar ɓarnar fili ce. A lokacin ne kuma ake tanadin abin kariya: ƙayar magarya ko ta bagaruwa, tsohon kwando, karyayyen bulo, duk abin da zai hana akuya kai baki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwan farko ba na dashe ba ne. Sau da yawa a ƙasarmu akan yi ruwa ɗaya ko biyu a Mayu sannan sama ta ɗauke har mako biyu ko uku, wanda ya yi gaggawa ya yi asara. Sai damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, ka tona ƙasa da hannu ka ji danshi ya kai kamu guda, sannan ka tafi sayen dashe. Da yamma ake dasawa, ko ranar da hadari ya rufe rana. A yage leda a hankali kada ƙasar gindin ta warwatse, kuma kada a binne tabon auren. Duk tohon da ya fito ƙarƙashin tabon a cire shi, domin na mangwaron gida ne. In aka bar shi zai rinjayi na sama, ka wayi gari da abin da ka guda. Dashen Yuli yana da wata uku cur na ruwan sama kyauta kafin ya ga rani. Nawa na Maris da wata uku na wuta ya fara rayuwa.

Damina kuma ita ce lokacin kayan miya. Maiɗakina, wadda da farko ko kallon filin ba ta yi, ita ta karɓe wannan ɓangare: kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, alayyafo, da kabewa a jikin danga. Zogale kuwa reshe kawai ake sarowa a kafa, ya kama. In ya kai ƙirji a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe sama sai da gora za a ciro ganyensa. Gwanda uku-uku muke shukawa a rami, saboda akwai namiji akwai mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Sai a bar matan da namiji ɗaya. Idan marka ta kama a Agusta aikin ya juya: maimakon kawo ruwa sai korar sa. Gwanda ba ta son ƙafarta cikin ruwa, kwana biyu ya kwanta a gindinta sai ta ruɓe. Ciyawa kuwa kamar da gayya take fitowa, ka nome yau, jibi ta dawo.

Da kaka, wajen Oktoba, aiki uku ne. Na farko tara iri: a bar kuɓewa da yakuwa mafi kyau su bushe a jikin uwa, a ɓare, a zuba a kwalba da 'yar toka. Na biyu tara busasshiyar ciyawa da ganye don rufe gindin itatuwa, amma kada su taɓa jikin icen, don kada a yi wa gara gada. Na uku, wanda ya fi kowanne, gyaran shinge. Da zarar an kawar da amfanin gona sai a saki dabbobi, kuma a duk faɗin unguwa babu sauran kore sai naka. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba kuma ake yafa irin tumatir da albasa da latas a ɗan fangali, a yi masa rumfar kara, bayan kamar mako huɗu a cire tumatirin a dasa.

Hunturu shi ne lokacin da lambun gida ya fi kyau. Latas, kabeji, karas da tumatir duk sanyi suke so. Da zafi ya fara shigowa latas sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. A lokacin ne kuma mangwaro ke fure, kuma a nan Baba ya sake ba ni mamaki. Da ɗan auren nan ya yi furen farko a farkon 2016, ina murna, sai ya sa hannu ya tsinke shi tas, ya ce yaro ne, in ya ɗauki kaya yanzu ba zai yi ƙashi ba. Ya kuma gaya mini cewa babban mangwaro ba a ba shi ruwa gab da fure, ɗan ƙishin nan shi ke sa shi fure maimakon ganye. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har kwando ya gagari talaka. Ba ta bar manyan gonakin Kadawa da Kura ba, balle 'yan kwamina shida. Cikin mako guda ganyen ya koma kamar an babbaka. Muka koma wa kauɗa da busasshen tattasai, kamar kowa.

Daga Fabrairu zuwa saukar ruwa, aikin ɗaya ne tak: ruwa. A nan ake gane wanda ya sayi dashe daidai ƙarfinsa da wanda ya saya daidai kwaɗayinsa. Baba ya koya mini binne tulu. A samo tulun ƙasa, ko wanda ya ɗan tsage, a binne shi har wuya kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakin da fai-fai ko fasasshen kwano. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, ba rana ta shanye ba. Cikawa ɗaya sai ta yi kwana uku ko huɗu. Muka mai da wurin alwala gindin mangwaro. Ruwan wankin shinkafa da na gero duk can suke zuwa, ban da na omo. Yara suka san cewa a gidanmu ba a watsar da ruwa a tsakar gida.

Kafin a jima abin ya yaɗu a kwatas. Malamin lissafi ya haƙa ramuka, na tarihi ya kafa zogale. Matanmu suka shiga musayar iri ta kan danga: wannan ta ba da reshen lalle, waccan ta mayar da na'ana'a ko ɗaɗɗoya a gwangwani. Na lura cewa rabin abin da ke lambunan gida ba sayen sa aka yi ba, roƙo ne da kyauta, kuma kowace shuka tana ɗauke da sunan gidan da ta fito. Idan Yuli ta kama sai mu haɗa kuɗi mu huɗu ko biyar, mu ɗauki a-kori-kura guda, mu sa Baba a gaba mu tafi wurin masu renon itatuwa. Shi ba ya ciniki, dubawa kawai yake yi. Wanda ya ajiye a dama mu saya, wanda ya ajiye a hagu mu bari. Masu kayan da suka gane shi sai su daina yabon hajarsu, su shiga ciki su fito da na kirki. Duk da haka, kada in yi wa mai karatu ƙarya, cutar ba ta sake ni ba. Har yau in albashi ya shigo na bi ta titin nan, sai na kau da kai kamar mai azumi ya wuce mai tsire.

A Afrilun 2018 ɗan auren ya ba mu 'ya'ya 23. Na san adadin domin kullum da safe sai na ƙirga. Maiɗakina ta yanka na farko ta raba mana, ba zare, ƙwallon ɗan siriri. Ta ce, "Malam, shinkafar nan ta dawo." Na ƙwallon kuwa ya yi ta tsawo abinsa, ya wuce ɗan'uwansa nesa, bai haihu ba sai 2020, 'yan ƙanana masu zare, irin waɗanda yara ke tsotsa su ɓata riga.

A Janairun 2021, itatuwan nan biyu suna cike da fure har ƙudan zuma na ɗimautar da mutum, aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki. Mako biyu aka ba ni in bar gidan. Ban taɓa jin ɗacin takarda irin wannan ba. Shekara bakwai na jigilar ruwa, ga lemun tsami da gwaiba da na sake dasawa duk sun kama, ga shekarar da za su fi kowace haihuwa, sai wani wanda bai taɓa ɗaukar bokiti ba ya zo ya sha. Wani abokin aikina ya ce, "Ai tun farko na gaya maka, mai hankali ba ya dasa itace a gidan gwamnati." A daren nan, Allah ya gafarta mini, har tunanin ɗaukar gatari na yi.

Da safe Baba ya zo taya mu ɗaure kaya. Na gaya masa abin da ke raina, ban ɓoye ba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya nuna darbejiyar da muke tsaye a gindinta ya ce, "Malam, shekara nawa kana shan inuwar nan?" Na ce takwas ba kaɗan. Ya ce, "Wa ya dasa ta?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni na sani. Wani malamin turanci ne, ni na haƙa masa ramin. Ko wata shida bai yi ba aka ɗauke shi, tana iya gwiwa." Ya ɗauki ƙullin katifa ya yi gaba. Daga baya na karanta cewa ita kanta darbejiya baƙuwa ce, daga ƙasar Indiya asalinta, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Ke nan duk inuwar da ta rufe titunan Maiduguri da Katsina da Sakkwato da makarantunmu, wasu ne suka yi jigilar ruwanta, akasarinsu ma'aikata da leburori da ba su san inda za a tura su gobe ba.

Yanzu ina zaune a ɗan gidan da na gina a bayan gari, fili nawa ne, ba mai miƙo mini takarda. Sai dai babu tuƙa-tuƙa, a wurin 'yan garuwa muke sayen ruwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin jarka ya yi tashin da ya sa dole kowane itace ya kare kansa a gaban maiɗakina kafin a dasa shi. Wannan ya koya mini wani abin. Da zan share filin, na tarar da kututturen aduwa da na kalgo suna toho. Da can da sai in tumɓuke. Amma na ji labarin manoman Maraɗi, waɗanda tun wajen 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka riƙa barin irin wannan toho a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran, har itatuwa suka dawo ƙasar da ta yi ƙwal. Na yi yadda suke yi. Aduwar nan yau ta fi ni tsawo, ban saye ta ba, ban taɓa ba ta ko moɗa ɗaya ba, domin saiwarta ta riga ni zuwa wurin.

A Mayun 2024 aikin jarrabawa ya kai ni tsohuwar makarantata. Na tarar Baba ya rasu da azumin da ya wuce, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina kai-kawo kafin in iya zagawa bayan tsohon gidana. Gwaiba da lemun tsami babu su, an sare an kafa kejin kaji a wurin. Amma mangwaron nan biyu suna nan. Na ƙwallon, wanda na so in tumɓuke, ya zama ƙaton itace ya rufe rabin kwanon ɗakin, tabarmar gidan ma a gindinsa take, ɗalibai kuma na jifan sa ta bayan katanga. Sabon malamin, wani saurayi mai fara'a, ya fito ya yi mini maraba, ya sa aka wanko mini na auren guda uku a faranti. Ya ce, "Sha, Malam, irin wannan ba ya kasuwa. An ce wani malami ne ya dasa, ban san shi ba, amma kullum muna sa masa albarka." Na sunkuyar da kai na sha. Da na gama na gaya masa ni ne, domin ina da buƙata, kuma ba na son in roƙa a baƙunce.

Buƙatar kuwa ita ce rassa. Na yanko goma masu kaurin fensir, waɗanda idonsu ya kumbura bai buɗe ba, na cire ganyen, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. A gida ina da 'yan mangwaron ƙwallo da na reno a leda tun daminar da ta gabata. Washegari da asuba na zauna da sabuwar reza, na tsaga, na fiƙe, na cusa, na ɗaure, ina ƙoƙarin tuna yadda yatsun Baba suke yi. Bayan mako uku, uku suka yi toho, bakwai suka bushe. Na ba maƙwabcina ɗaya. Biyun na riƙe su a inuwa shekara guda cur, hannuna yana ƙaiƙayi, sai Yulin 2025 na dasa su.

Ɗalibin nan nawa ya dawo da labarinsa bayan mako biyu. Ya bar furanninsa yadda suke, amma ya ƙara wani tsoho mai baro wanda ke wucewa ta bayan masoyan da jarka biyu, har budurwar ta gaishe shi. Layi uku ne kacal, amma a nan ne na fara yarda cewa gidan akwai shi. Shawarata ga masu tasowa cikinmu ba ta wuce wannan ba: in za ku sa itace a labari, ku san sunansa, ku san watan da yake fure, ku san wanda ke ɗaukar masa ruwa.

Yanzu da nake wannan rubutu bazara ce. Akwai ramuka biyu a bayan ɗakina, na cika su da taki da toka, na lemun tsami ne. An yi albashi shekaranjiya, jiya kuma na bi ta titin nan, na ga sun jera su suna ƙyalli. Na gaisa da masu kayan na wuce. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, amma bai zauna ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.